Sunayen Sinawa: yadda ake zaɓa, da ko suna nuna jinsi

Daga shawarwarin da aka tattara kan yadda Sinawa ke zaɓar suna da ko sunan na nuna jinsi, abu na farko da aka jaddada shi ne sunan dangi ke zuwa gaba, kamar Wang, Li ko Zhang, sannan sunan yanka ya biyo, mai harafin Sinanci ɗaya ko biyu (kowane harafi gaɓa ce mai ma'anarta). Iyaye ne ke haɗa haruffan, suna duba ma'ana da daɗin furuci. Wasu kan tuntuɓi masu lissafin ranar haihuwa, in aka ce yaro na da ƙarancin ruwa ko itace a cikin sinadarai 5 na al'adarsu (ruwa, itace, wuta, ƙasa da ƙarfe), sai a saka harafin da zai cike gibin. Sanya wa jariri sunan kaka kuwa rashin ladabi ne a wurinsu, saɓanin mu da muke alfahari da takwara.

Batun jinsi shi ya fi jan muhawara. Fang, wato ƙamshi, da Ting da Na sun fi yawa a mata. Qiang, wato ƙarfi, da Jun, soja, na maza ne, haka ma Jianguo, “gina ƙasa”, da ya yaɗu bayan 1949. Amma a rubutun boko alamar takan ɓace: Li na iya nufin kyau, na iya nufin ƙarfi, harafin ne ya bambanta. Sunayen zamani irin su Zihan kuma kowa na ɗauka.

Shawarar da na fi gamsuwa da ita: kada ka yi shaci-faɗi kan jinsin mutum a wasiƙar kasuwanci, nemi ganin harafin ko ka tambaya. Mai son zaɓar wa kansa sunan Sinanci kuma ya karanta wa Basine tukuna, don wani haɗin yakan yi sauti da kalmar ban dariya.