Neman shawara: zan shiga filin Cadwell Park da babur ranar Asabar, ga shi an ce ruwa za a yi

Auta:
Assalamu alaikum manyanmu. Na biya kuɗin ranar gwajin babur a filin tsere na Cadwell Park, kusa da garin Louth a Ingila, ranar Asabar mai zuwa, a rukunin 'yan koyo. Masu hasashen yanayi sun ce za a tashi da ruwa har zuwa azahar. Babur ɗin Suzuki SV650 ne na 2019, yana da ABS (na'urar hana taya kullewa in an matsa birki) amma ba shi da na'urar hana tayar baya sulɓewa. Tayoyin Michelin Road 5 ne, zanensu saura milimita 4. Don Allah, in je ko in haƙura da kuɗin? In zan je, sai na sayi tayoyin ruwa irin na 'yan tsere? Kuma iska nawa zan sa?

Mai Gareji:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka je. Masu shirya irin wannan rana ba sa fasawa don ruwa, kuɗi ma galibi ba sa dawowa. Tayoyin da ke ƙafarka kuma sun dace: robarsu tana kama kwalta ko ba ta yi zafi sosai ba, zanen milimita 4 kuma zai kori ruwa yadda ake so. Da a ce tayoyin tseren rani ne, waɗanda gefensu sumul yake babu zane, da na ce ka canza, domin gefen nan shi ke taɓa ƙasa in ka kwantar da babur a kwana.

Tayoyin ruwa na 'yan tsere ka bar su tukuna. Doka ba ta yarda a hau titi da su ba, ke nan sai ka ɗauko babur a mota ko ka tanadi wasu wili daban. Robarsu kuma laushi gare ta ƙwarai, ruwan da take bi ne ke sanyaya ta. Da zarar kwalta ta fara bushewa sai ta ɗau zafi ta riƙa zagwanyewa, kafin ka ankara zanen ya lalace.

Iska: Suzuki ta rubuta psi (ma'aunin iskar taya) 33 a gaba, 36 a baya, taya tana sanyi. Ranar da babu ruwa akan rage zuwa wajen 30 ko 31, saboda zafin gudu zai ƙara ta da kansa. A ruwa tayar ba za ta samu wannan zafin ba, don haka ka bar ta a 33 da 36. In iska ta yi ƙasa, tayar takan baje, ramukan zanen su matse, ruwa ya rasa hanyar fita. Ka zo da gejinka, ka auna da safe kafin a fara.

Injiniya:
Maganar Mai Gareji haka take. Abin da zan ƙara kawai, kada wani ya ɗauka tayoyin ruwa ado ne: in ruwa ya kwanta a fili wuni guda, riƙonsu ya fi na tayar titi nesa ba kusa ba. Amma a gudun ɗan koyo, tayar titi mai kyau ta wadatar.

Za ka ji ana cewa a sassauta shokozoba da danni biyu ko uku. Wannan na masu baburan da ke da madannin gyara ne. Naka tsaurin sifirin kaɗai ake iya taɓawa, ka bar shi yadda ka saba da shi.

Abin da ya fi damuna da SV650 a ruwa shi ne rage giya. Injinsa mai silinda biyu ne, yana riƙe babur da ƙarfi in ka saki totur, kuma kulocinsa ba irin mai sassautawa da kansa ba ne. In ka sauke giya biyu a jere ka saki kuloci gaba ɗaya, tayar baya za ta tsaya cak ta fara wutsil-wutsil. ABS ba zai cece ka ba a nan, tunda ba birki ne ya tsayar da ita ba. Giya ɗaya-ɗaya, ka ɗan taɓa totur kafin ka saki kuloci, ka sake shi a hankali, duk wannan babur yana tsaye kafin shiga kwana. A cikin kwanar kuma ka hau giya ɗaya sama da wadda za ka bi da ita a bushe. Kwanar giya biyu ka bi ta da uku, ƙarfin zai isa tayar baya a tausashe.

Baban Amira:
Ni birki da layi zan yi wa magana, don nan ne ake faɗuwa.

Birkin gaba yana ci sosai a ruwa muddin babur a miƙe yake. Abin da taya ba ta yafewa shi ne cafka. Ka fara matsawa kaɗan, fad ya share ruwan da ke kan faifai, nauyi ya sauko kan tayar gaba ya danne ta, sannan ka ƙara ƙarfi. Ka fara birki da wuri, ka gama shi kafin ka kwantar. ABS ɗin wannan babur bai san kana kwance ba, in ka cafki birki a tsakiyar kwana gaba zai tafi. Totur ma haka: kana ɗago babur kana ƙara wuta, ba kafin nan ba. In ka murɗa da ƙarfi kana kwance, baya ta zame, ka tsorata ka saki wuta, sai ta sake kamawa farat ɗaya ta cilla ka sama. Wannan ce faɗuwar da ke karya ƙashin wuya.

Ka fitar da jikinka cikin kwana, kai da kafaɗa da rabin mazauni, domin babur ya rage kwanciya. Hannu sake, gwiwa ta riƙe tanki.

Fenti kuwa, ka ɗauke shi tamkar sabulu. Farin layin gefe, dakalin kwana mai launi, facin kwalta mai sheƙi, duk ka ba su tazarar kamu biyu. Cadwell siriri ne, tsawonsa wajen kilomita 3.5, ga hawa da gangara. Daga kwanar Gooseneck zuwa kwanar Mansfield gangara ce da birki a ƙarshenta, nauyi duk yana gaba, a nan ka ninka haƙuri. Tudun Mountain ka hau shi da wuta daidai, kada ka ƙara a ƙoƙuwarsa inda babur ke yin sakayau. Daga kwanar Hall Bends zuwa kwanar Barn ƙarƙashin itatuwa ne. In ka ga ruwa ya kwanta a miƙaƙƙiyar hanya, ka ratsa shi a tsaye, ba birki, ba ƙarin wuta. In kuma kwana ta fi ƙarfinka ka fita ciyawa, miƙar da babur, cire hannu daga birkin gaba, ka taɓa na baya kaɗan-kaɗan.

Kawu:
Ɗana, kada ka raina sanyi da hazon gilashi. Gilashin hula fari, mai Pinlock (shafin roba mai hana hazo) a ciki, ka buɗe kafar iska ta haɓa. Maganin korar ruwa na gilashin mota kada ka shafa, yana ɓata roba. Akwai wanda aka yi don roba. Rigar ruwa a kan kayan fata, wadda ta kama jiki ba mai kaɗawa ba. Safar hannu biyu, safar ƙafa uku, tawul, shayi a fulas. Fita zagaya fili yawanci minti 20 ce, sannan ka zauna minti 40 da jiƙaƙƙen kaya, kuma yatsun da suka sandare ba sa jin birki. In ka fara makyarkyata, ka bar fita ɗaya ta wuce.

Tuta mai ratsin ja da rawaya tana nufin akwai santsi a gaba. Ja kuwa an tsayar da fita, ka rage gudu ka koma ciki, kada ka tsaya a kan hanya. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka saboda feshin ruwa. Ka kuma sani inshorar titi galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a fili.

Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in ruwan ya ɗauke da azahar kamar yadda aka ce, in rage iska in ƙara gudu?

Baban Amira:
A'a, ƙanena, a lokacin ne ma za ka fi buɗe ido. Ana ruwa kowa ya san akwai santsi. In ya ɗauke, wani siririn layi ne ke fara bushewa inda tayoyi ke bi, gefensa jiƙe. Ka saba da riƙon busasshen wurin, ka kauce kamu ɗaya don wuce wani, sai ka tsinci kanka a ƙasa. Wurin itatuwan nan kuma yakan daɗe da laima bayan sauran fili ya bushe, don rana da iska ba sa isa gare shi, ga ganye. Kowace fita, zagaye biyun farko ka yi su ne don duba launin kwalta: mai haske ta bushe, mai duhu ko sheƙi da sauranta. Wucewa sai a miƙaƙƙiyar hanya.

Mai Gareji:
Iska kuma kada ka taɓa ta sai fili ya bushe gefe zuwa gefe. Ko a lokacin, tayar da ka dawo da ita da ɗumi za ta nuna fiye da abin da ka sa da safe, don haka kada ka sauke ta zuwa 30 tana zafi. Ka cire psi 2 daga abin da gejin ya nuna, ka fita ka ji yadda take. Kafin ka kama hanyar gida ka bari ta huce ka mayar da ita 33 da 36, ka goge sarƙa ka sa mata mai, don ruwa ya wanke na jikinta.