Biocarburant da Hausa: me za mu kira shi?

Mai tambaya, daga Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu Hausa a baki ku taimaka min da kalma ɗaya. Ina haɗa wani ɗan shiri na rediyo kan man nan da ake yi da amfanin gona a zuba wa mota, wanda Faransawa ke ce wa biocarburant, babban cikinsu shi ne etanol. In na ce biyokarbiran a iska waɗanda suka yi lise, wato sakandare, za su gane, amma ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da ke jiran fasinja a bakin kasuwa da tsohuwar da ke saurare a Lagdo sai dai su ɗauka sunan magani ne. Kuma abin ba ƙarami ba ne fa, Amurka kaɗai tana yin kusan lita biliyan 60 a shekara da masara, Burazil na bi mata da rake, su biyun nan ke da kusan kashi 80 cikin ɗari na etanol ɗin duniya. Na rubuta "man tsirrai" bai zauna min ba, na rubuta "makamashin halittu" na ga ko ni da na rubuta ban san me ake nufi ba. To bismillah.

Wani daga Marwa:
Wa alaikumus salam. Yaya ai ba sai an wahala ba, giyar mota kawai hhhh. Wallahi ba wasa nake ba, a jiƙa hatsi, a bar shi ya yi tsami, a dafa a tare tururin ya ɗigo, wane bambanci ke tsakaninsa da arkin da ake dafawa a bayan gari in ban da girman tukunya?

Wani malami daga Kusseri:
A'a ƙanena, kar ma a soma. Ta fuskar sinadari ka yi gaskiya, abu ɗaya ne, shi ya sa ma masu yin sa suke zuba masa ɗan fetur tun a masana'anta don kar wani ya ce zai sha. Amma suna yana da nauyi. Ran da aka ce wa mutanenmu akwai giya a tankin moto, an gama, ba mai sake sauraron bayani, sai dai a yi ta aiko mana da tambaya ko ya halatta a hau a je masallaci. Alkol ɗin da ake goge wurin allura da shi a asibiti ai ɗan gidansu ne, kuma ba wanda ya taɓa kiran sa giyar asibiti. A nemo wani.

Wani daga Marwa:
Allah ya gafarta malam na janye. Amma dai a unguwa in abin ya iso sai an kira shi haka, ku rubuta ku ajiye.

Hajiya daga Ngaundere:
Ni kuma "man tsirrai" ɗin ne ban yarda da shi ba ɗana. Mu da muke sayar da mai a kasuwa, in ka ce man gyaɗa, man ja, man auduga irin wanda Sodecoton ke matsewa, man kaɗe, duk na tukunya ne. Man masara ma akwai shi na girki a kanti. To ka fito rediyo ka ce man masara ko man tsirrai ya yi araha a Amurka, gobe mata su zo suna tambayata nawa lita. A Hausa in an ce man wani abu, abin nan kuma na ci ne, to miya ce ke zuwa wa mutum a rai. Sai dai ku sa fetur a ciki kowa ya san na inji ne.

Mai tambaya, daga Garwa:
Hajiya wannan magana ce. To "fetur ɗin shuka" fa?

Wani daga Njamena:
Fetur ɗin shuka ya kama rabin abin ya saki rabi. Iri biyu ne manya. Akwai etanol da ake yi da abu mai zaƙi ko mai gari, rake, masara, rogo, alkama, shi ake gauraya wa da esansi, wato fetur. Akwai kuma wanda ake yi da mai na gaske, man ja ko waken soya ko tsohon man suya, shi kuma gazuwal, wato man dizal, yake maye wa. Indonesiya da man ja take yi, ta kai kashi 35 a gazuwal ɗinta a 2023, ta ɗaga zuwa 40 a 2025. In ka ce fetur direban tirela zai ce ba da shi ake ba.

Ni shawarata a ce MAN GONA. Ku bar ni in faɗi dalili ko da zan yi tsawo, don dalilin ne ma ya sa nake son kalmar. Wancan man daga rijiya yake fitowa, irin na Doba a Chadi da aka fara turawa ta bututu zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru a 2003, wannan kuma daga gona, kuma duk rayuwar sana'ar nan a tsakanin farashi biyu take, kuɗin buhun masara da kuɗin gangar ɗanyen mai. Mai masana'anta yana sayen hatsi a kasuwar abinci ya sayar da ruwansa a kasuwar mai, in masara ta hau mai ya sauka to ya shiga uku, in masara ta faɗi mai ya hau sai ka ga yana washe baki. A 2020 da korona ta zaunar da mutane gida motoci suka tsaya, masana'antu da yawa a Amurka rufewa suka yi, wasu suka koma yin ruwan goge hannu. Kuma lita ɗaya ta etanol ba ta kai lita ɗaya ta esansi tafiya ba, wajen kashi biyu cikin uku take bayarwa, don haka in bai fi araha sosai ba ba wanda zai zaɓe shi don Allah.

To me ya riƙe shi har yau? Doka. Kusan duk inda ka ga abin ya kafu gwamnati ce ta ce dole a gauraya. Burazil ta fara shirinta a 1975 bayan tsadar man 1973 ta gasa mata aya a hannu, a 2003 aka fito da motocin da ke shan kowanne, esansi ko etanol zalla, direba ya tsaya a gidan mai ya duba allo ya yi lissafi ya zaɓa. Esansinsu ma kansa kashi 27 etanol ne tun 2015, a 2025 suka mai da shi 30. Amurka ta yi dokarta a 2005 ta faɗaɗa a 2007, yau kusan duk esansin da ake sha can akwai kashi 10 a ciki, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na masararsu can take tafiya, manoman jihar Ayowa da shi suke ci shi ya sa ɗan siyasa ba ya wasa da maganar. Indiya ta sa wa kanta kashi 20 a 2030, sai ta jawo wa'adin zuwa 2025 don ta rage kuɗin da take kashewa wajen shigo da mai.

Gaba kuma? Ni yadda nake gani, a ƙasashen masu kuɗi kasuwar ta kusa cika, motar lantarki na cin rabon esansi a hankali, a Sin kusan rabin sabbin motocin da ake saya yanzu masu caji ne, kuma in esansi ya ragu abin da ake gauraya masa ma ya ragu. Shi ya sa masu harkar suka juya ido sama, jirgin sama ba ya tashi da batir zuwa nesa, Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 na man da ba na rijiya ba a tankin jirage daga 2025, zai kai 6 a 2030. Ƙaruwar gaske kuwa tana wajen irin su Indiya da Indonesiya da Burazil, inda motoci ke ƙaruwa kuma gonar tana gida.

Wani daga Mora:
Injiniya ka yi karatu wallahi, amma mu nan ka san man da muka sani, zuwa-zuwa, man sumoga na Najeriya da ake sayarwa a kwalba a bakin titi. Tun da Tinubu ya cire tallafi a watan Mayu 2023 jarkar da ke shigowa ta Banki da Amchide ta daina yin arahar da muka saba, a gidan mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 ta koma 730 a 2023, ta koma 840 a 2024. Matatarmu ta Sonara kuwa tun gobararta ta 2019 shigo da tataccen mai ake yi. To in wannan man gonar zai sauko mana da lita ku kira shi duk abin da kuka ga dama, ko bilbil ne, giyar dawa, mu dai a zuba.

Wani daga Njamena:
Mu ma nan da matatar Jarmaya a gefenmu tun 2011 ai mun ji tsadar mai a jikinmu a 2024, ba ku kaɗai ba. Amma kar in yi maka daɗin baki, ba na ganin zai sauko da lita nan kusa. Sai da rarar amfanin gona ake wannan sana'a, mu kuwa ina rarar?

Hajiya daga Ngaundere:
Yauwa, nan nake jira. Ku ce min za a ɗauki masara ko muskuwari, dawar rani da ake dasawa a ƙasar karal mai yumɓu, da guiwa a ƙasa a ba moto ya sha, alhali watan Agusta mudu na gagarar mutane? Waɗanda suka ga tarzomar Fabrairun 2008 a Duwala sun san abin da tsadar mai da ta abinci ke haifarwa in suka haɗu, kuma a shekarun nan ai an yi ta zargin wannan man naku da hannu a tashin farashin hatsi a duniya. Shi ya sa ma na fara son man gonar, don duk wanda ya ji zai tambaya gonar wa, kuma me aka fasa shukawa.

Wani daga Njamena:
Hajiya gaskiyarki, ko da yake a faɗi ɗaya gefen, ba duk masarar ke ƙonewa ba, wajen kashi ɗaya cikin uku na dawowa a matsayin dusa mai kyau ana ba shanu. In ma za a yi a wajenmu ba da hatsi ba ne. Baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura in an fitar da sukari daga rake, shi ne ƙofar da ta fi kusa, akwai rake a Mbanjok da Nkoteng, mu ma muna da shi a Banda kusa da Sar. Malawi da shi take gauraya esansinta tun 1982, ba ta jira kowa ba. Abin da nake tsoro shi ne irin zazzaɓin bini da zugu, kun tuna wajen 2007 aka ce shi ne zinariyar Afirka, zai fito a ƙasar da ba ta komai, kamfanoni suka karɓi filaye, ashe a busasshiyar ƙasa yana rayuwa ne kawai ba ya 'ya'yan kirki, yawancinsu suka tattara suka gudu aka bar manoma da shinge.

Wani malami daga Kusseri:
Man gona ya yi min. Gajere ne, ba giya a ciki, kuma ba a taɓa kiran man girki da wannan suna ba balle a rikice, ba wadda ke cewa a miƙo mata man gona ta soya ƙosai. Sannan yana karɓar 'ya'ya: esansin gona, gazuwal ɗin gona, 'yan Najeriya in sun ga dama su ce fetur ɗin gona, duk hanya ɗaya ce. Etanol kuma a bar shi etanol, sunan sinadari ne, ba mu fassara kinin ba ai.

Wani daga Marwa:
Malam sai dai wani zai ji man gona ya ɗauka man da ake zuba wa injin ban ruwa ne ko tarakta.

Mai tambaya, daga Garwa:
Wannan kam zai faru a farko, amma jimla ɗaya ta isa ta gyara, zan ce "man gona, wato man inji da ake yi da amfanin gona", in na maimaita a shiri biyu uku kunne zai saba. Makamashin halittu kuwa ko na shekara ina maimaitawa ba zai shiga ba. To na ɗauka: man gona ga dukkansu, esansin gona ga na ƙananan motoci da moto, gazuwal ɗin gona ga na manya, etanol yana nan da sunansa. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ɗaya, wanda aka riga aka haɗa a famfo, irin wanda ake rubuta wa E10 a gidajen man Faransa, gauraye za mu ce ko haɗi?

Wani daga Mora:
Kar ka ce haɗi yaya. A nan in aka ce mai haɗi ne, nufin an tsula masa kananzir, ko kyauta ka bayar ɗan kilando ba zai karɓa ba. Ka ce gauraye, ka faɗi kashi nawa.