Muhawara: shin na'urar harba ƙugiya tana ɓata wasa?

Jagoran Wasa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu warware kafin zamanmu na gaba na wasan tebur, inda kowannenku ke tafiyar da jarumi ɗaya a cikin labarin da nake jagoranta. Ɗan'uwanmu mai wasan Maƙeri ya nemi in amince wa jaruminsa ya ƙera na'urar da ake riƙewa da hannu ɗaya, wadda za ta harba ƙugiya da igiya nisan ƙafa 60, sannan ta naɗe igiyar ta ja shi zuwa inda ƙugiyar ta kama, duk a cikin zagaye ɗaya, wato daƙiƙa 6 a cikin labarin. Matsayina shi ne irin wannan na'ura tana ɓata wasa. A ƙa'idojin Dungeons & Dragons na bugun 2014 da muke bi, ƙugiyar hawa kaya ce mai sauƙi, kuɗinta tsabar zinariya 2, nauyinta ƙasa kaɗan da kilo 2, kuma wanda ya jefa ta sai ya hau igiyar da ƙarfin damtsensa, yana tafiya da rabin saurinsa. Idan ya suɓuce, kowace ƙafa 10 ta faɗuwa tana jawo masa raunin dayis ɗaya mai fuska 6. Wannan haɗarin ne ya sa ganuwa take zama ganuwa a cikin labari, kuma na'urar da ake nema za ta shafe shi gaba ɗaya.

Mai wasan Maƙeri: Wa alaikumus salam, Malam Jagora. Ina ganin girman hujjarka, amma ban yarda cewa abin da na nema baƙo ne a duniyar takubba da ganuwa ba. A shekara ta 36 kafin haihuwar Annabi Isa, a yaƙin ruwa na Naulochus kusa da tsibirin Sisili, kwamandan Rumawa Agrippa ya yi amfani da ƙugiyar da ake harbawa daga na'urar jifa, ta kama jirgin abokan gaba, sannan a naɗe igiyoyinta a jawo jirgin kusa domin sojoji su faɗa ciki. Idan mutanen da ba su da sihiri sun yi haka fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ban ga dalilin da zai hana maƙerin da ke rayuwa tare da dodanni da matsafa ya ƙanƙantar da ita ba, musamman tun da wasan ya riga ya amince da ƙaramin baka mai kunama da ake harbawa da hannu ɗaya.

Mai wasan Barde: Ɗan'uwa, misalin da ka kawo ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su, wato harba ƙugiya da kuma jan mutum sama. Na farko mai yiwuwa ne, ko da yake shi ma ba ya da tabbas. A ranar 6 ga Yuni 1944, sojojin Amurka da suka hau gaɓar dutse ta Pointe du Hoc a Faransa, mai tsayin kusan mita 30, sun harba ƙugiyoyinsu da roka daga jiragen ruwa, amma da yawa ba su kai sama ba saboda ruwan teku ya jiƙa igiyoyin ya ƙara musu nauyi, kuma waɗanda suka kama ɗin ma sai da sojojin suka hau su da hannu da ƙafa. Na biyun ne matsalar. Ɗaga mutum mai kilo 80 sama da mita 9 cikin daƙiƙa 6, wato tsawon zagaye ɗaya, yana buƙatar ƙarfin doki ɗaya da rabi ko fiye, ka kuma nemi ninkin wannan nisan. Ƙugiyar Agrippa a kan jirgi aka kafa ta, tarin mutane ne ke jan igiyoyinta. Babu wata wayar ƙarfe mai naɗewa da za ta shiga tafin hannu ta yi wannan aiki, ballantana kafaɗar mutum ta jure fizgar. Saboda haka idan za a yarda da na'urar, a kira ta kayan sihiri, a yi mata hukuncin kayan sihiri.

Mai wasan Matsafi: Na goyi bayan wannan rabewar, kuma a nan ne nake da ƙorafi na kaina. Duk wata hanya da nake da ita ta cin nasara a kan tsayi, biya nake yi. Sihirin da ke ɗauke ni nan take zuwa wuri mai nisan ƙafa 30 yana cin gurbin sihiri na mataki na 2, wato ɗaya daga cikin ƙididdigaggun damar yin sihiri da nake da su. Sihirin hawan bango irin na gizo-gizo shi ma na mataki na 2 ne, kuma sai na riƙe shi da natsuwar zuciya, wadda sara ɗaya zai iya wargazawa ina tsakiyar bango. Tashi sama kuwa ba na samunsa sai jarumina ya kai mataki na 5, ba ya wuce minti 10, kuma guraben nan ba sa dawowa duka sai bayan dogon hutu. Yaya za a ba wani abin da ya ninka nisan sihirina, ba ya ƙarewa, ba ya buƙatar natsuwa, alhali jarumanmu duka suna mataki na 3?

Mai wasan Maƙeri: Malam, ai wasan da kansa bai tsaya kan wannan ma'aunin ba. A littafin jagoran wasa akwai tsintsiyar tashi sama, wadda aka sa a rukunin kayan da ba su cika wuyar samu ba, tana tafiyar ƙafa 50 a zagaye, kuma ba a ƙayyade mata sau nawa za a hau ta a yini ba. Na'urata ba ta kai ta ba ko kusa, domin tana buƙatar abin kamawa, ba ta aiki a fili, kuma ba ta barin mutum ya tsaya a sama.

Jagoran Wasa: Tsintsiyar tana cikin littafi, amma jagora ne yake yanke ko za ta shiga labari da lokacin shigarta, kuma ni ban saka ta ba saboda wannan dalilin dai. Abin da ya fi kama da buƙatarka shi ne igiyar hawa ta sihiri, mai tsawon ƙafa 60, wadda maƙeri irin naka yana iya kwaikwayonta tun daga mataki na 2. Ka lura da yadda aka tsara ta: tana rarrafawa ƙafa 10 a kowane zagaye har ta isa ta ɗaure kanta, amma ba ta jan kowa. Masu tsara ƙa'idar sun sauƙaƙa kafa igiya, suka bar wahalar hawa a inda take.

Mai wasan Ɓarauniya: Ina neman izini in faɗi abin da ya fi damuna, domin ba a taɓo shi ba tukuna. Na zaɓi wannan jarumar ne saboda a mataki na 3 hawa ba ya rage mata sauri, kuma duk lokacin da muka isa gindin hasumiya ni ake kallo. Ni nake hawa a ɓoye, in duba masu gadi, in ɗaure igiya in sako wa sauran. Wannan ne lokacin da nake da amfani fiye da kowa a teburin, tun da a fagen fama Barde da Matsafi sun fi ni. Yaya, ban ce ka yi nufin karɓe mini wannan ba, amma idan na'urarka ta kai ka kan hasumiya cikin daƙiƙa 6, babu wanda zai sake jiran in hau. Wasan mutum ɗaya a kwamfuta daban ne, domin a can ba ka tauye kowa.

Mai wasan Barde: 'Yar'uwa, ko a wasannin kwamfutar ma ba a sake ta haka kawai ba. A wasan Zelda na 1991 inda ƙugiyar nan ta yi suna, ba ta jan ɗan wasa sai ta kama wasu abubuwa ƙayyadaddu kamar akwatuna. A Sekiro na 2019 tana cikin hannun roba na jarumin, amma ba ta kama ko'ina sai wuraren da masu tsara wasan suka sa wa alama. Sun gina kowane fili ne da sanin inda ƙugiya za ta kai mutum. Jagoranmu ba shi da wannan damar, domin a tebur duk reshe da duk bakin taga da ya ambata ya zama abin kamawa.

Jagoran Wasa: To, ga abin da zan iya amincewa da shi. Na'urar za ta harba ƙugiya nisan ƙafa 60 ko sau nawa aka so, amma sai an jefa dayis a ga ko ta kama, kuma ƙarar ƙarfe a kan dutse za ta iya jawo hankalin masu gadi, ta yadda duk inda ake buƙatar shiru aikin zai ci gaba da zama na Ɓarauniya. Jan mutum kuwa sihiri ne: ƙafa 30, mutum ɗaya, sau 2 tsakanin dogon hutu da dogon hutu, kuma na'urar za ta cinye ɗaya daga cikin kayan sihirin da Maƙeri yake iya riƙewa a matakinsa.

Mai wasan Matsafi: Na yarda da nisan da ƙarar, amma sau 2 ya yi yawa. A mataki na 3 guraben sihirina na mataki na 2 guda biyu ne kacal, kuma daga cikinsu nake kai hari da kare kaina. Ina roƙon a mayar da shi sau ɗaya har mu kai mataki na 5.

Mai wasan Maƙeri: Zan karɓi sau ɗaya, Malam Jagora, da sharaɗi guda: a bar ni in harba ta idan ni ko wani daga cikinmu yana faɗowa, ko da ba zagayena ba ne. Idan ta kama, mai faɗowar ya tsaya a inda igiyar ta ƙare ya ɗauki rabin raunin saboda fizgar, idan kuma ba ta kama ba, damar wannan yinin ta tafi.