Babur mai ƙafa huɗu ya nutse a ruwa: abin da kowa ya gani wajen ceto injinsa

Mai Kwad Kore

Assalamu alaikum. Jiya da yamma babur ɗina mai ƙafa huɗu ya zurma cikin wani rami a tsakiyar rafi, ruwa ya rufe shi har bisa tanki, injin kuma ya mutu da kansa kafin hannuna ya kai ga makulli. Mun jawo shi da igiya, kuma tun daga lokacin ban yi yunƙurin tayar da shi ba. Mai silinda ɗaya ne, mai kafireta, yana tafiya da bel. Da na zare gejin mai na ga baƙin man ya koma launin madara, ya kuma haura alamar cika sosai. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su gaya mini inda zan fara, da kuma ko zan iya barinsa har ƙarshen mako lokacin da zan samu sarari.

Tsohon Makanike

Wa alaikumus salam. Ɗana, da ka bar makullin nan ka tsallake rijiya da baya, amma batun ƙarshen mako ka fitar da shi daga ranka, yau za ka fara.

Dalilin hana tayarwa shi ne, fistan yana matse iska da fetur har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A injin mai cc 500, sararin da ke saura a kan fistan idan ya kai ƙololuwa bai wuce cc 55 zuwa 60 ba, saboda haka ruwan da ya ɗara wannan kaɗan ya isa ya tare shi cak. Ƙarfin da ya rasa mafita sai ya sauka a kan konrod, wato sandar ƙarfen da ke haɗa fistan da ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji. An taɓa kawo mini wani da abokan tafiya suka yi ta danna masa kik, wato abin da ke tayar da inji da wutar batir, a bakin ruwa da niyyar taimako; da muka buɗe, konrod ya karkace, gefen fistan ya goge bangon silinda har ya yi zane mai kama farce. Ruwan da ya shiga injin nan da an zubar da shi a yini guda, amma sai da aka raba injin biyu.

Ka fara da cire kan batir, na baƙar waya da farko, ka rufe famfon fetur. Ka buɗe akwatin iska, ka fitar da filta, ka tsane ruwan da ke ciki. Ka wanke laka daga kewayen filogi kafin ka kwance shi, don kada ta faɗa ciki. Ka zubar da baƙin man tun kafin ka juya komai. Za ka ga ruwa ne ke fara fitowa, domin ya fi mai nauyi, a ƙasa yake kwanciya. Ka zuba sabo, sannan ka juya injin da hannu a hankali, da igiyar tayarwa idan yana da ita ko da sifana. Idan ya zagaya babu cijewa, sai ka mayar da batir ka danna kik kaɗan-kaɗan, filogi a cire, fuskarka nesa da ramin, domin ruwan da ƙarfi yake feshowa. Ka zare wayar da ke kai wa kwayil wuta tukuna, saboda abin da ke fitowa haɗe yake da fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Idan feshin ya tsaya, ka ɗiga ɗan baƙin mai a ramin filogi ka sake juyawa don ya shafe bangon silinda.

Mai Kiwo

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai akwai salansa, wato bututun hayaƙi. Nawa ya taɓa shafe dare a cikin kududdufi bayan ambaliya ta ci wurin da nake ajiye shi, kuma ruwan da ya fito daga salansa ya fi wanda ya fito daga silinda yawa nesa ba kusa ba. Idan aka bar shi a ciki, duk lokacin da bawul ya buɗe yana iya komawa inda aka kore shi. Mun ɗaga gaban babur ɗin har ya tsaya a kan gindinsa, ruwa ya kwararo ja wur da laka. Amma kada mutum ɗaya ya gwada wannan, domin irin waɗannan na aiki sukan kai kilo 300, wasu su wuce; mu da igiya muka ɗaure shi a reshe mai ƙarfi, bayan mun cire batir mun zuƙe tanki.

Abin da ya fi ba ni wahala laka ce. Ruwa yakan ƙafe idan inji ya yi zafi, yashi kuwa yana nan har sai an fitar da shi. Ni da man dizal na ɗauraye cikin injin: na cika shi, na jijjiga babur ɗin gaba da baya, na zubar, na maimaita har abin da ke fita ya daina barin ƙasa-ƙasa idan na murza shi tsakanin yatsu. Bayan nan na koma ga baƙin mai. Har yanzu injin yana aiki, bai taɓa yi mini hayaƙi ba.

Tsohon Makanike

Malam mai kiwo, ban ƙi dizal ba muddin ba a kunna injin da shi a ciki ba, domin ba shi da kaurin da zai riƙe boris, wato abin da ƙarafa masu juyawa ke gudu a kansa, da kam mai buɗe bawul. Akwai kuma wani abin dubawa: da yawa daga cikin baburan nan kulocinsu a cikin baƙin man inji yake wanka, har da wasu masu bel, kuma farantan kuloci suna shan duk abin da aka jiƙa su da shi. Ni na fi son in wanke da mai mai araha, amma wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, kada a zuba na mota mai sinadarin rage gogayya, kuloci zai riƙa sulɓewa. A tayar, a bar shi a silo, wato yana aiki ba a ba shi wuta ba, minti biyar, a zubar da zafinsa, a sake, ana canza filtar mai tare da shi, har sai ya fito garau. Idan kuwa ka ga yashi a cikin filtar mai ko a bayan akwatin iska ta ɓangaren kafireta, to babu wankin da zan amince da shi, buɗewa ce kawai.

Malamar Gandun Daji

A wurin aikinmu muna amfani da baburan nan wajen zagayen daji, kuma ƙetare ruwa abu ne na yau da kullum. Abin da na lura da shi shi ne, inji ba kasafai yake ba mu kunya ba, domin kowa a kansa hankalinsa yake. Ɓarnar takan ɓullo ne daga wuraren da ba a duba ba, bayan watanni. Ɗaya daga cikin namu ya nutse, aka gyara shi ya tashi lafiya, kowa ya manta. Da rani ya yi sai aka fara jin gurnani daga gaba, da aka kwance notin aksul ɗin gaba, wato akwatin giyar da ke juya ƙafafun gaba, abin da ya zubo ruwa ne mai tsatsa da ɗan mai a bayansa, haƙoran giya duk sun yi tabo. Makanikenmu ya bayyana mana cewa aksul mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi iskar da ke cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙi ruwa ta tiyon numfashinsa ko ta sil, robar da ke hana mai yoyo. Tun daga nan, duk wanda ya nutse sai an canza man aksul na gaba da na baya, da na giya idan nasa daban yake da na inji.

Ɗan'uwa mai tambaya, tunda naka mai bel ne, ka duba ƙasan murfin bel ɗin, akwai wurin zubar da ruwa. Idan ruwan mai tsabta ne, zubarwa ta isa, sai ka sa shi a firi bayan ya tashi ka ɗan ba shi wuta sama da ƙasa har bel ya bushe, ka fara tafiya da ƙaramar giya. Idan mai laka ne, cire murfin gaba ɗaya ka wanke, domin lakar da ta bushe a cikin kulocin bel takan hana shi buɗewa da rufewa yadda ya kamata.

Mai Wayarin

Ni ta ɓangaren wuta zan yi magana, don nan ne sana'ata. Hajiya ta yi daidai game da ɓarnar da ke zuwa daga baya, kuma a wayoyi ta fi muni, domin soket ɗin da ruwa ya kwana a ciki yakan yi aiki yau, bayan wata biyu ya yi kore ya fara yanke wuta jefi-jefi, mai shi ya yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau. Na taɓa bin irin wannan matsala a wani babur har na same ta a ƙarƙashin akwatin fiyus, ƙafa ɗaya ta rile, ɗan abin da ke haɗa wuta ya yanke, ta cinye saura ƙiris. Saboda haka kowane soket a raba shi, a fesa masa maganin wanke wayoyi, a busar da iskar kwamfaresa, a shafa ɗan giris ɗin wayoyi a bakin robar kafin a mayar. Kik ma a kwance shi a duba. Yakan riƙe ruwa a cikinsa, ya yi tsatsa ya cije ana zaune ƙalau. Haka murfin igiyar tayarwa.

Masu injekta maimakon kafireta kuma, kafin su juya inji su cire fiyus ɗin famfon fetur, kada ya tura ruwan da ke gindin tanki zuwa nozul. Ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, yawanci a rufe take ruf, ba ita ke fara lalacewa ba, bakin soket ɗinta ne abin tsoro. Shi mai kafireta, akwai ɗan sukuru a gindin kofinta, ya sassauta shi ya tari abin da ke fita a kwalba mai haske, zai ga ruwan ya kwanta a ƙasa fetur yana bisa. Fetur ɗin tankin kuwa a zuƙe shi duka. Idan irin wanda aka gauraya da itanol ne, ruwan yakan janye itanol ɗin su kwanta tare, abin da ya rage a sama ma ya rage inganci.

Mazaunin Gaɓar Teku

Duk wanda nasa ya faɗa ruwan gishiri ya sani lissafinsa da sa'o'i ake yi. Nawa igiyar ruwa ce ta same shi a bakin teku, kuma kafin gari ya waye kawunan notuna sun fara fari, faifan birki ya yi ja. Abin da ya cece shi shi ne mun cire batir nan take, domin wuta da gishiri tare suke cin tagulla, sannan muka yi masa wanka da ruwan daɗi mai yawa ciki da waje kafin mu fara busarwa. Mutum yakan ji nauyin ƙara wa inji ruwa, amma gishirin da ya bushe a ciki zai ci gaba da jawo laima daga iska. Wanda ba zai iya tayar da shi a ranar ba, ya cika silinda da mai ta ramin filogi, ya tuna fitar da shi kafin ya mayar da filogin.

Mai Kwad Kore

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi yadda Baba ya tsara, injin ya juya da hannu babu cijewa, ruwa ya feso, salansa da murfin bel ma sun zubar da nasu. Ban ga yashi a filtar mai ba. Filtar iska ta soso ce, na wanke ta na shanya, na shafa mata mai. Da sabon fetur da sabon filogi ya tashi bayan ɗan tari, yana ta fitar da farin tururi. Abu biyu ne suka rage: man da nake zubarwa har yanzu yana da ɗan hazo, kuma ina jin wani ƙas-ƙas siriri daga saman injin wanda ban tabbata yana nan a da ba.

Tsohon Makanike

Farin tururin ruwan salansa ne, zai ɗauke. Hazon mai kuma silo kaɗai ba ya kore shi, sai man ya yi zafi sosai, kusa da digiri 100 inda ruwa ke tafasa, ya daɗe a haka. Ka sake canji ɗaya, ka hau shi a hankali na kamar rabin sa'a a busasshen wuri, ka zubar da zafinsa, ka duba. Ka leƙa tiyon numfashin inji da ke zuwa akwatin iska, ta nan ruwa kan shiga cikin baƙin mai, kuma yakan riƙe saura a lanƙwasarsa yana mayarwa. Idan babur ɗin mai lagireto ne, ka sa ido a kan ruwansa. Idan yana raguwa man kuma yana ci gaba da yin fari, to gasket ne ko sil ɗin famfon ruwa, ba ruwan rafi ba.

Ƙarar ce ta fi damuna, domin ka ce da kansa ya mutu, wato yana juyawa lokacin da ya sha ruwan. Siririn ƙas-ƙas daga sama sau da yawa gibin bawul ne, a auna shi inji na sanyi a daidaita. Amma konrod yakan karkace kaɗan inji ya ci gaba da tashi, sai dai fistan ba ya kai wa inda ya saba. Ka sa a auna matsin silinda, a gwada da adadin da littafin kamfanin ya bayar, ba da na wani babur ba, domin yawancinsu suna da abin rage matsi lokacin tayarwa, wanda ke sa agogon ya nuna ƙasa ko da inji lafiyayye ne. Idan ƙarar ta koma mai nauyi daga ƙasa, tana ƙaruwa da wuta, kashe shi ka kawo a buɗe.

Malamar Gandun Daji

Kafin ka fita wannan tafiyar ta rabin sa'a, ka gwada birki a tsaye da kuma a tafiyar ƙafa. Idan na bayanka mai ganga ne, yakan tara ruwa da laka a ciki, wasu suna da notin zubarwa a ƙasa, wasu sai an cire murfin. Ka ɗaga kowace ƙafa ka girgiza ta ka ji ko boris ya yi wasa, ka matsa robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf ka ga ko ruwa zai fito, sannan ka tura sabon giris a duk bakin da aka tanada har tsohon ya fito ta gefe. Man da ka zubar kuma ka tara shi a jarka mai murfi a kai inda ake karɓar tsohon mai, kada ya bi ƙasa ya koma rafin.