Warin taba ya kama mana gida, ya zan yi?

Maman yara:
Salam 'yan'uwa, don Allah ku taimaka. Maigida yana shan sigari a falo, duk turaren da na sa warin sai ya dawo, har kayan yara sun fara ɗauka, kuma bana son rigima da shi.

Uwargida:
Ayya, sannu 'yar'uwa. Turare rufe wari kawai yake yi, hayaƙin yana maƙale a labule da kafet da kushin, ki wanke labulen, ki barbaɗa bakar hoda (baking soda) a kafet ta kwana sannan ki share, kuma kada guntayen sigari su kwana a ɗaki, su suka fi komai wari.

Wani ɗan'uwa:
Gaskiya wari ƙaramin abu ne. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 na jawo ciwon daji (kansa), buɗe taga ko kunna fanka baya kare yara. Ki lallaɓa shi ya riƙa fita waje, ya wanke hannu ya canza riga kafin ya ɗauki yaro.

Maman yara:
Na gode sosai, zan yi masa magana in ya huta, Allah ya sa ya ji.