Shawarwarin masu zane kan zanen da ke kama da hoton kyamara

Masu zanen sun yi ittifaƙi cewa aikin daga awo yake farawa. Chuck Close, wani mai zane Ba'amurke wanda ya rasu a 2021, yakan raba hoton fuska gida-gida, ya cike kowane gida shi kaɗai. Suka ce mai koyo ya bi wannan hanyar.

A kan fentin mai aka fi jan magana. A shafa shi kaɗan-kaɗan, na farko ya bushe kafin a ƙara wani, kuma na sama ya fi na ƙasa mai, in ba haka ba, na saman zai riga bushewa ya tsattsage. Baƙi zalla yana kashe inuwar fata, gara a haɗa ruwan ƙasa da shuɗi. Ƙyallin ido kuwa sai a ƙarshe, da siririn buroshi.