Zan kai ɗalibai 34 bakin teku, waɗanda suka taɓa yi su ba ni labari

Malamar Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shugabar makarantarmu ta amince in kai ɗalibaina bakin teku, su ga halittun da muke karantawa a littafi da idonsu. Su 34 ne, 'yan shekara 13 zuwa 14, kuma fiye da rabinsu ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin. An ba mu mota ranar wata Laraba nan da mako uku. Za mu tashi ƙarfe 8, mu isa wajen 10, mu juyo ƙarfe 2. Gaɓar mai duwatsu ce, da 'yan kududdufai da ruwa ke bari idan ya janye. Ni kaina sau biyu na taɓa zuwa, kuma shan iska ya kai ni, ba aiki ba. Wanda ya taɓa ɗaukar wannan nauyi don Allah ya faɗa min abin da ya tarar, har da kuskuren da ya tafka.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Malama, kafin komai ina da tambaya: wa ya zaɓi Larabar nan, ke ko mai mota?

Abin da ya sa na tambaya, tafiyata ta farko haka aka yi min. Ranar da mota ta samu ita aka ba ni, na karɓa da murna. Na kwana biyu ina buga takardun aiki, na zana wa yara hoton ƙaguwa da ciyawar teku. Muka isa, muka tarar teku ta cika maƙil. Duwatsun da na je na gani da idona wata guda kafin nan, babu ko ɗaya, ruwa ya shanye su. Yara suka tsaya riƙe da bokitai suna kallona, ni ma ina kallon ruwa. Da ya fara janyewa sosai, lokacin komawa ya yi.

A mafi yawan gaɓoɓin duniya teku tana cika sau biyu, ta janye sau biyu, cikin awa 24 da minti 50. Minti hamsin ɗin nan shi ne ke rikita mutane: idan yau ta kai ƙarshen janyewa ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura. Don haka ganin da kika yi wa wurin wata rana ba ya gaya miki komai game da Larabar. Nemi jadawalin cika da janyewar teku na tashar jirgin ruwa mafi kusa da gaɓar, akwai su a intanet, ki tabbata lokacin da aka rubuta na agogon wurin ne.

Sannan janyewar ma ba ɗaya ba ce. Kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata, da kuma bayan wata ya cika, rana da wata suna jan ruwan ta layi ɗaya, sai teku ta cika sosai ta kuma janye sosai. A ranakun nan ne ƙasan gaɓa ke buɗewa, inda halittu suka fi yawa. Idan wata yana rabi, janyewar ba ta da nisa. Ki isa awa ɗaya da rabi ko biyu kafin ƙarshen janyewa, ku riƙa bin ruwan yana sauka.

Malamar Kimiyya:
Wallahi Malam ban duba ba, mai mota ne ya zaɓa. Bari in nemo jadawalin.

Mai Ceton Masu Iyo:
Ni ba malami ba ne, amma na yi shekaru ina aikin tsaron masu wanka a bakin teku, kuma na sha karɓar 'yan makaranta. In ɗora a kan maganar Malam. Ruwan ba ya dawowa da sauri iri ɗaya. Awa ta farko a hankali yake tasowa har ka raina shi. A awa ta uku da ta huɗu ne rabin dukan ruwan ke shigowa. Kuma ba lallai ta gabanka zai zo ba. Yakan bi kwari ko wani lungu ya zagayo ta bayanka, ka ɗaga kai ka ga kana tsibiri. Na taɓa fito da malami da yara shida daga kan wani dutse, ruwa ya kai musu gwiwa a hanyar da suka bi a bushe. Ba sakaci suka yi da gangan ba, wata halittar teku mai hannu takwas suka gani a rami, kowa ya manta da agogo. A Ingila, a gaɓar Mokam, cikin Fabrairun 2004, mutum sama da 20 masu tsintar kayan teku ruwa ya rutsa da su da dare suka mutu, kuma manya ne ba yara ba.

Abin da nake ba malamai shawara: a ware babba ɗaya wanda ba shi da rukunin yara, ba ya koyarwa, ba ya ɗaukar hoto. Aikinsa agogo, usur, da kallon teku. Busa ɗaya, kowa ya tsaya ya kalle shi. Busa uku, a ajiye komai a hau tudu. Ku gwada wannan a filin makaranta kafin ranar, domin a bakin teku ƙarar ruwa da iska na cinye murya, ihu ba ya zuwa ko'ina.

Kada kowa ya juya wa ruwa baya a kan dutsen ƙarshe. Kuma ki faɗa tun a aji cewa ba iyo za a je ba, ruwa iyakarsa idon sawu.

Uwar 'Yan Biyu:
Malama sannu da ƙoƙari. Na raka ajin 'ya'yana bara, ni ce na riƙe akwatin magani. Abin da ya fi ba mu wahala takalmi ne. An rubuta a takarda cewa a sa rufaffen takalmi, amma yara takwas suka zo da silifas, wata ma da sabon takalmi mai santsi don za a ɗauki hoto. Koriyar gansakukar kan dutse ta fi sabulu santsi, kuma duwatsun cike suke da wasu ƙananan ƙwanso masu kaifi kamar reza. Filasta ta ƙare min kafin azahar. In da ni ce, sai in sa kowa ya kawo takalminsa makaranta kwana biyu kafin tafiya in gani da idona. Tsohon kambas da ba a jin asararsa ya fi komai.

A takardar izinin iyaye ki sa gurbin ciwo da magani: asma, farfaɗiya, da wanda mota ke sa shi amai. Wata yarinya ta bar inhelarta, maganin asma na shaƙa, a jaka cikin mota, motar kuma tana can nesa a kan tudu. Ni na yi gudun ɗauko ta, ban so in tuna. Ki tambayi inda banɗaki yake tun kafin ku je, kada ki bari sai yarinya ta zo tana raɗa miki a kunne. Ruwan sha ya fi abin da kike zato yawa, iskar teku tana ɓoye zafin rana.

Malamin Ilmin Halittu:
Tunda an gama da tsaro, bari in taɓo aikin kansa. Ni na fi samun nasara da aiki ɗaya tak: layin awo. Ana shimfiɗa tef daga saman gaɓa zuwa bakin ruwa, duk bayan mita biyu ko uku a ajiye firam mai kusurwa huɗu, santimita 50 kowane gefe, a ƙirga abin da ke ciki. Da bututun roba na haɗa nawa. Da yara suka jera lambobinsu suka ga da kansu cewa gaɓa hawa-hawa take. Can sama, inda ruwa ke daɗewa bai kai ba, sai masu jure bushewa da rana. Kana sauka iri suna ƙaruwa, ciyawar teku na kauri, har ka fara ganin bushiyar teku da tauraron teku. Ban faɗa musu ba, su suka gano.

Amma ki koya musu firam ɗin a makaranta. Na watsa murafan kwalba a fili, muka yi ta ƙirga, muka yi gardama kan wanda ya faɗo a kan layi, a sa shi ko a bar shi. Gara a yi wannan gardamar a fili da a yi ta teku na tasowa.

Ƙwanson nan masu kaifi da Hajiya ta ambata, banakul ake ce musu. Yara kan ɗauka katantanwa ce, alhali dangin ƙaguwa da jatan lande ne. Suna manne kansu a dutse, idan ruwa ya rufe su sai su buɗe su riƙa kamo abinci da ƙafafunsu. Masanin halittu Charles Darwin ya yi shekara takwas yana nazarinsu, daga 1846 zuwa 1854. Ki sa yaro ya kwanta ruf da ciki a bakin kududdufi ya yi shiru minti biyu, zai ga ƙafafun suna fitowa kamar gashin ido.

Fensir kawai. Biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda.

Malama Mai Aji Shida:
Malam, ka yi haƙuri, ban yarda a fara da tef ba. Yaran Malama fiye da rabi ba su taɓa ganin teku ba. Ko ka ba su firam ɗin zinariya, minti 20 na farko ba sa jin ka. Na gwada, na yi ta faɗa har muryata ta dishe. Tafiya ta biyu sai na bar su suka tsaya suka kalla, suka yi ihunsu, suka tsoma yatsa suka ɗanɗana. Wani yaro ya tofar ya ce wa ya zuba wannan gishirin. Da tambayarsa muka buɗe darasi. Da ma a aji mun auna giram 35 na gishiri mun zuba a lita ɗaya ta ruwa, wanda shi ne kimanin gishirin ruwan teku, amma sai ranar ya yarda.

Kuskurena kuwa aljihu ne. Na ce kada a ɗauki mai rai, ban ce komai kan ƙwanso ba. Ashe akwai wata ƙaramar ƙaguwa da ke shiga ƙwanson katantanwar da ta mutu ta mai da shi gida, idan ta lafe ciki ba ka ganin komai. Wata yarinya ta cika aljihun jakarta, ta bar jakar a aji ranar Juma'a. Ranar Litinin sai da muka buɗe tagogi duka. Da muka zazzage, ta ga 'yan ƙafafun, ta yi kuka sosai. Tun daga ranar dokata ita ce babu abin da ke hawa mota. Wanda ya ɗaga dutse ya mayar da shi yadda ya same shi, a hankali, domin na ƙarƙashinsa rana kashe su take yi. Abin da aka sa a bokiti a duba shi a mayar kududdufin da aka ɗauko shi.

Malamin Ilmin Halittu:
Na karɓa, Malama. Sai dai a sa minti 20 ɗin cikin lissafi, a isa da wuri, kada a ci su daga lokacin janyewa.

Mai Ceton Masu Iyo:
Na manta abu ɗaya. Jelifish, mai kama da jiƙaƙƙiyar leda, ko ta mutu a kan yashi tana harbi. Yara suna son tsokanar ta da yatsa. In ta harbi wani kada a murza wurin, kada a zuba ruwan sha, da ruwan teku ake wankewa. In numfashinsa ya canza ko fuska ta kumbura, asibiti kai tsaye. Ki san asibitin da ya fi kusa, ki kuma gwada ko waya na kamawa a ƙasan gaɓar.

Malamar Kimiyya:
Allah ya saka muku da alheri. Na samo jadawalin. Larabar da aka ba mu, teku za ta cika wajen 10 da rabi na safe, daidai lokacin da za mu sauka daga mota, ba za ta gama janyewa ba sai 5 saura na yamma. Malam, da na maimaita tarihinka. Na kai wa shugaba takardar, ta mayar mana da tafiyar zuwa Alhamis ta makon da ke biye, kwana biyu bayan cikar wata, ƙarshen janyewa 11 saura. Za mu tashi 7. Asabar ɗin nan zan je ni da wani malami mu taka wurin, mu ga ta inda ruwa ke zagayowa. Manya huɗu na samu, ina neman na biyar mai riƙe usur. Mai mota dai har yanzu yana tambayata me ya haɗa wata da motarsa.